Yadda Na Gangaro Cikin Barkonon Amarya

Ko tsufa ya cinye mini sunayen jikoki har na fara kiran ɗa da sunan ubansa, ba na jin zan manta ranar da aka zo ɗaukar jikata Bara'atu. Ranar ce na zubar da girman da na yi shekara da shekaru ina tarawa, a gindin dutsen bayan garinmu, gaban baƙi, da rana tsaka.

Ku fara sanin ko ni wace ce. A ƙauyenmu, nan kusa da Wagini, ni ce tsohuwar da ba a ganin haƙorinta. In mata suka yi cacar baki a bakin rijiya, ni ake kira. In za a fitar da amarya, ni ke yi mata faɗa. Ko mutanen Safana da suka zo neman auren Bara'atu, ƙanen uban angon, Malam Sada, da bakinsa ya ce, "Yarinyar da ta tashi a ɗakin Iya ba sai an yi bincike ba." Kun ji dai. Natsuwata suka gani suka ce a ba su jikar.

To ranar ɗaukar amarya, tun da safe aka shimfiɗa mini tabarma a ɗaki aka ce, "Iya, yau ba ki da aiki, ki zauna kawai." Ni kuwa zama bai taɓa karɓata ba. Na ji ana daka, na miƙe, aka maido ni. Na leƙa madafa in ga kaurin tuwo, matar ɗana ta ce hayaƙi zai taɓa mini ido. Na ɗauki carbi, na ajiye, na sake ɗauka. Na gyara jeren kwanonin da ba su karkace ba. Ƙafafuna sai ƙaiƙayi suke yi kamar na taka tururuwa.

Ina cikin haka Lawal ya shigo, jikana da ke karatu a Katsina, riƙe da wayarsa.

"Amaryata, an tsare ki ko? Zo ki ga abin da Turawa ke yi a ƙasarsu."

Na duba. Wani dutse ne fari fat, wai duk ƙanƙara ce. Ga mutum ya ɗaura dogayen katakai a ƙafa, sanda a kowane hannu, yana gangarowa yana lanƙwasa dama da hagu kamar maciji ya ga wuta. Lawal ya ce malamin masu wasan ne, yana koya musu yadda ake shan kwana: wai kada ka ja katakon a ƙasa, ka karkata jiki ka danne gefensa, gefen ne zai yanki ƙanƙarar ya juya da kai.

Na ce, "Wannan ai zamiya ce. Mu muka yi ta, ubanka ma ba a san za a yi shi ba."

Gaskiya kuma na faɗa. Dutsen bayan garinmu yana da fuska guda mai sulɓi, kuma a tsakiyar gangaren akwai wata ƙaya da ta fito daga tsaguwa. Muna 'yan mata, kan busasshen ƙirgin saniya muke zama mu silalo. Rago shi ke jan dugadugi ya tsaya kafin ƙayar. Gwani kuwa sai ya karkata kwankwaso, ya danne gefen fatar da ɗuwawu guda, ya aika idonsa inda yake son zuwa, fatar ta kama dutse ta zagaya da shi. Ni ban taɓa taɓa ƙayar nan ba (Allah na gani, ba fariya nake yi ba).

Lawal ya kwashe da dariya. "Ke? Ke da sai mutum biyu sun riƙe ki kafin ki hau babur?"

Na ce, "Tashi ka ba ni wuri, mijin banza da ko goro ba ya kawowa."

Ya fita yana dariya, maganar ta zauna mini a maƙoshi kamar ƙashin kifi. Na juya nan, na juya can. Daga ƙarshe na yafa mayafi na ce wa mata zan je in duba barkonon da muka shanya a falalen gindin dutse, na yajin garar amarya, kada awaki su tattake shi. Suka bar ni don sun gaji da maido ni.

Barkono na nan lafiya, ja wur, an baza shi kan buhuna. Yara kuma suna sama suna zamiya. Sai dai ba ƙirgi yanzu, jarka suke tsagawa biyu su zauna ciki. Na tsaya ina kallo, raina na ɓaci. Duk miƙe suke zuwa kamar buhun da ya faɗo daga jaki, suna jan ƙafa, suna tsayawa tun kafin ƙayar.

"Ku karkata," na ce. "Ku danne gefe. Ke Hanne, ɗaga ƙafar nan, ba shara aka sa ki ba."

Hanne, wata 'yar maƙwabta mai bakin tsiya, ta ce, "Iya, mi ne ne danne gefe? Gwada muna mu gani."

Na dubi gabas, na dubi yamma. Ba babba ko ɗaya. Mutanen Safana kuwa sai bayan azahar aka ce za su iso. Zuciyata ta ce sau ɗaya ne, wa zai sani? (Duk wanda ya taɓa shiga uku, da wannan tambayar ya fara.)

Na hau, ina hutawa ina hawa. Na tattare zani na cusa tsakanin cinyoyi kamar yadda muke yi da can. Hanne ta miƙo jarkarta. Na ji jarkar na warin man ja, na ga gindinta na ƙyalli, amma ban kawo komai a raina ba. Na zauna, na yi bisimilla, na saki dutse.

Farkon gangaren, ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Iska ta cika mini kunne, gwiwar da ke hana ni barci ta yi shiru. Da na hango ƙayar, jikina ya tuna karatunsa tun kafin in umarce shi. Na karkata, na danne gefe, na aika ido hagu.

To ƙirgi yana da kaushi, in ka danne shi sai ya ciji dutse. Jarkar man ja ba ta san wannan yarjejeniya ba. Ina danne ta, ta juya da ni kamar mazari. Na ga sama, na ga yara a ƙwanƙolin dutse suna ƙanƙancewa, na gane da baya nake tafiya. Ƙayar ta karɓe mini ɗankwali da mayafi a wucewa. Na yi salati, na kira sunan mahaifiyata da ta daɗe a ƙasa. Ban tsaya ba sai da na share buhunan barkono tun daga na farko har na ƙarshe, jar ƙura ta tashi ta rufe ni.

Da ƙurar ta lafa, sai na ga tayar mota.

A-kori-kura ce ta mutanen Safana. Sun yi sammako don su koma da amarya da sauran rana, yadda hanya ta zama ba tsaro yanzu, kuma nan gindin dutse mota ke tsayawa. Mata cike da bayanta, sun sha kwalliya. Malam Sada ya riga ya fara saukowa, ƙafa ɗaya a ƙasa.

Mutumin nan mai tarbiyya ne, shi ya ƙara kashe ni. Ya kawar da kai ya dubi wata bishiya, ya durƙusa, ya fara gaisuwa kamar a ɗakina ya same ni.

"Iya, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau." Atishawa.

"Ina gajiyar biki?"

"Ba gajiya." Atishawa.

"Ya ƙarfin jiki?"

Nan wata daga bayan mota ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa ina zaune cikin rabin jarka, kai ba ɗankwali, furfura ta yi ja, ina amsawa. Ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi dabbobi, ya tambayi damina, bai tsallake ko ɗaya ba. Ni ma na tambayi nasa, don ba a yanke gaisuwa. Sai da muka kai ƙarshe sannan gwaggon ango ta sauko, ta cire mayafinta na biyu ta rufa mini, ta ce a hankali, "Iya, an zo duba shanya ne?"

Na ce, "An zo."

Na wanke fuska har sabulu ya gaji, amma barkono ba ya jin lallashi. Lokacin da aka kawo Bara'atu gabana lulluɓe in yi mata faɗa, idanuna zuba suke, hanci na bin su. Na buɗe baki in ce ki zama mai natsuwa a gidan mutane, na haɗa ido da matan Safana jere a bakin ƙofa, kalmar ta ƙi fita. Matan garinmu da ba su san komai ba suka fara cewa, "Allah sarki, yau Iya da kanta ke kuka." Bara'atu ta ji, ta faɗo jikina ta ƙanƙame ni.

"Iya, ashe haka kike sona?"

Na shafa kanta na ce, "Je ki, Allah ya ba ku zaman lafiya." Iyakar faɗan da na iya ke nan. Ta fita tana kuka, tana atishawa.

Auren na nan lafiya, har da ɗa. Mutanen Safana ba su taɓa tayar mini da maganar ba, sai dai duk wanda ya zo gaishe ni daga can, idonsa na kan tabarma, leɓensa na motsi. Abin da na koya kuwa, da tsufana: in an ce maka zauna yau ba ka da aiki, to zauna ɗin shi ne aikin.