Mugun Waziri Mai Baƙar Laima

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar rabon kyaututtuka ta makarantarmu, shekarar da aka soma shari'a a Zamfara. Yara sun koma gida da littattafai da sabulu, ni kuwa na koma gida na rasa matar da zan aura, kuma da hannuna na yi wa kaina.

Ni mutumin Zurmi ne, aiki ya kawo ni wata firamare a Ƙaura Namoda ina koyar da zane. Ciwon son fim ɗin zane ya kama ni ne a gidan bidiyon wani mai suna Sani, can wajen tashar jirgin ƙasa. Ba a daɗe da yanke mana jiha ba wani direban Shinkafi ya kawo masa kaset daga Maraɗi, fim ɗin tatsuniya na zane, irin wanda ake zaunawa a zana kowane motsi da hannu, ga waƙoƙi birjik a ciki. Da Faransanci aka yi shi, ban tsinci komai ba sai "madam". Masu son Indiya suka yi tsaki suka watse, ni kaɗai na zauna baki buɗe. Na kalle shi har Sani ya fara ce mini in biya sadakin kaset ɗin in tafi da shi.

Da yake ba na jin yaren, sai idona ya koyi dokokin abin. Da littafi ake farawa, ya buɗe kansa. Yarinyar ba ta da uwa, tana leƙowa ta taga ta rera abin da zuciyarta ke so, tsuntsaye su taru suna amshi. Mugu kuwa ba sai an faɗa maka ba, fuskarsa ce shaidarsa: dogo, siriri, gira a ɗage, kullum da wani abu a hannu. Shi ke da waƙar da ta fi ta kowa daɗi. Kuma ba a kashe shi, don kada hannun ɗan sarki ya ɓaci. Daga wani wuri mai tsawo yake faɗowa da kansa. Daga nan sai biki, littafi ya rufe. Na haddace wannan fiye da yadda na haddace karatun da gwamnati ke biyana in koyar.

Da shari'a ta zo aka rufe gidajen kallo, Sani ya koma sayar da ƙanƙara, fim ya rage a kaina kaɗai yana ƙaiƙayi. A lokacin ne kuma nake neman Rabi, malamar aji biyu a makarantarmu. Ta amince, saura mahaifinta, Malam Bawa, babban malami da aka sa cikin masu sasanta mutane a unguwa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce a bar shi ya duba halin yaro. Duk sanda na je gaishe shi sai ya dube ni ta saman tabarau har in manta sunan kakana. An dai tsayar cewa bayan hutu baffannina za su zo daga Zurmi neman aure.

Sai hedimasta ya ce kowane malami ya shirya abin da yara za su nuna ranar rabon kyaututtuka, kuma babban baƙo Malam Bawa ne. Nan Shaiɗan ya raɗa mini cewa ga ranar da Malam zai san baiwar da Allah ya yi wa surukinsa. Na tara kwalaye, na sayi fenti, na tsara tatsuniyata bisa waɗancan dokoki: marainiya a soro, mugun waziri da ya rene ta ya kulle ta, ɗan sarki ya zo nema. Yara za su riƙa ɗaga hotunan suna waƙa, ba kiɗa ba ganga saboda zamani, ni ina ba da labari. Da na je Zurmi na gaya wa kakata, ta tambaye ni da wane lokaci za a yi. Na ce da hantsi. Ta ce, "Tatsuniya da rana? Mai yin ta ɓacewa shikai." Na yi dariya na ce wannan camfin mutanen da ne.

Ɗan sarki bai ba ni wahala ba (na ƙara masa ƙirji da tsawo, amma hancin nawa ne, yanzu na yarda). Yarinya ma ta fito da wushirya, ban tambayi kaina inda na samo ta ba. Waziri ne ya gagare ni. Na zana fuska bayan fuska, duk sai su fito kamar mahauta masu fara'a. Rannan na ce wa hannuna ya zana abin da ke ba ni tsoro tsakani da Allah. Sai ga mutum ya fito, dogo, gemu da furfura a gefe ɗaya, tabarau ɗaure da zare. Doka ta ce a riƙa masa wani abu, sai na ba shi baƙar laima. Da na dube shi sai na ce alhamdu lillahi, mugu ya samu. Wallahi ban gane shi ba. Ko ku yarda ko kada ku yarda, na gaji da rantsuwa a kan wannan.

A wajen gwaji, da zarar an ɗaga hoton waziri sai yara su faɗi ƙasa da dariya. Na ɗauka gwanintata ce ke kashe su. Don kada su ɓata mini wasa, na zare musu ido na ce ranar taro ko sama za ta faɗo kada wanda ya tsaya, a kai har ƙarshe. Ban taɓa ba da umarnin da aka bi kamar wannan ba.

Ranar ta zo. Rumfa ta cika, iyaye maza gaba, mata can baya, Rabi na cikin malamai mata. Malam Bawa yana kujerar tsakiya, ya jingine laimarsa da gwiwa. Na ga laimar da idona, amma kwanyata ta tafi kiwo. Aka ɗaga hoton littafi, na ce ga ta nan ga ta nanku, jama'a suka amsa da murmushi. Marainiya ta yi waƙarta a taga, 'yan aji ɗaya suka yi kukan tsuntsaye, har na ji wata tsohuwa na cewa Allah sarki. Raina ya yi fari ƙal. Sai na gyara murya na ce, "Ashe a gidan nan akwai wani mugun waziri," yara suka ɗaga kwali.

Wani dattijo mai nauyin kunne, wanda bai san ana rage murya ba, ya ce, "A'a! Wanga ai Malam Bawa na! Ku diba, har da laimatai!"

Na waiga na dubi kwali, na dubi kujerar tsakiya, na sake duban kwali. Gemu ɗaya, tabarau ɗaya, har zaren da aka ɗaure shi launinsu ɗaya. Na yi wa yara alama da hannu su sauke, su kuwa suna tuna sama da faɗowarta, sai suka ja numfashi suka kama waƙar waziri:

"Ɗiya tawa ce, ƙofa tawa ce,
Makulli na rijiya, guga ya tsinke,
Mai so ya zo, mai so ya koma,
Rana ta gasa shi, laima tawa ce."

Na daina ba da labari, amma sun haddace shi, suka ci gaba ba ni. Aka ɗaga ɗan sarki da hancina, mata suka fara rufe baki da mayafi. Aka ɗaga yarinya da wushirya, na ga Rabi ta tashi ta fita. Sannan aka zo inda na fi ɓata lokaci wajen zanawa: waziri a kan dutse, ƙafa ta zame, rawani ya warware, laima ta juye, yana ta faɗowa kwali bayan kwali, yara na "wayyo, wayyo" yadda na koya musu. Suka rufe da guɗa da hoton biki. Ba wanda ya tafa. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Malam bai yi fushi a fili ba, da ma ya yi. Ya raba kyaututtuka, ya yi addu'a, sannan ya yafito ni. Na durƙusa. Ya ce, "Malam, hannunka ya iya, ban musu ba. Tambaya guda gare ni. Da nif faɗi bisa dutsen ga, wa ab ba da auren? Can ƙasarsu ana ɗaura aure babu waliyyi?" Ya ɗauki laimarsa ya tafi.

Na aika baffana ban haƙuri, aka ce Malam ya yafe, kuma na yi imani ya yafe ɗin. Sai dai na manta da dokar da na fi alfahari da ita, cewa waƙar mugu ta fi daɗi. Kafin mako ya zagayo 'yan talla na rera ta, masu ɗiban ruwa na rera ta. Malam zai wuce masallaci, sai a ji wani yaro bayan katanga ya ce "laima tawa ce" ya ruga. Mutumin da ake kai wa ƙarar miji da mata ya zama abin waƙar yara. Ya daina riƙe laima, yana tafiya cikin rana haka nan, kuma duk wanda ya gan shi ya san wa ya ja masa.

Rabi sau ɗaya ta yi mini magana bayan haka, a bakin ofishin hedimasta, ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Na aza kunyatai kaka ji, ashe haka kaka ganin shi. Mutumin ga shi yar rene ni sad da innata tar rasu, shi ka dama min kunu da hannunai. Shi na kaj jefo bisa dutse don ka samu biki." Na ce ba da gangan ba ne, hannuna ne ya zana. Ta ce, "Shi ya sa abin ya hi ciwo." Ba Malam ne ya hana ni ita ba, ita ce ta ce a gaya wa mutanen Zurmi kada su wahalar da kansu. Na yi kuka a ɗakina kamar yaro, ba na jin kunyar faɗa. Daga baya ta nemi canji zuwa Shinkafi, can ta yi aure.

Har yau ina koyar da zane, amma ban wuce ganyen masara da taswira da tulu ba. In yaro ya ce in zana masa mugu, sai in ce ya je ya zana nasa, kuma kafin ya nuna wa jama'a ya kai wa tsohuwa ta duba ko ta san mai fuskar. Na kuma koyi cewa in yara suka yi maka dariya har suna faɗuwa, ka tsaya ka tambaye su dalili. A fim, mugu na faɗowa littafi ke rufewa kowa ya huta. A Ƙaura kuwa, mugun da ka jefar da hantsi shi zai ja ka sallar azahar, kana bayansa, da hancin ɗan sarki.