Yadda Ake Juya 'Yan Sa-kai da Kalmar "Compulsory"

Kai da kake magana mutane na ci gaba da hirarsu, kwantar da hankalinka. Kalma ɗaya tak zan ba ka, kuma na yi maka alkawarin cikin wata uku ba mai sake yi maka musu. Na ga aikinta da idona a hannun Lionel Prowse, kyaftin ɗin 'yan sa-kai masu kashe gobarar daji a garinmu Tarrawin. Mutum goma sha huɗu ne da motar ruwa ɗaya, duk manoma da masu kiwon tumaki, ba mai albashi a cikinsu.

Mataki na 1: San ma'anarta

Kalmar ita ce compulsory. Ma'anarta dole, tilas, ko kana so ko ba ka so. Amma ta fi "dole" daraja. Idan ka ce wa mutum dole, fuskarka zai kalla ya auna ƙarfinka. Ita kuwa ba ta da fuska, ba ta faɗin wanda ya tilasta. Mu nan Ostareliya da ita muka tashi: jefa ƙuri'a da ita, ɗaura bel a mota da ita. Da mutum ya gan ta, ƙafarsa ke kama hanya kafin kansa ya yi tambaya.

Mataki na 2: Rubuta ta, kada ka furta

Shekara biyu Lionel yana roƙon a zo wanke mota ran Asabar. Mutum uku ke zuwa, ɗayansu ma don shayi. Ran nan ya buga kalmar da manyan baƙaƙe, ya sa wa takardar leda, ya manna a ƙofar rumfar mota. Goma sha ɗaya suka zo. Ya tsaya hannu a ƙugu yana kallonsu da soso, yana jin daɗin da rabonsa da irinsa tun ranar aurensa. Ka riƙe wannan: takarda mai leda ba ta ƙarya.

Mataki na 3: Kada ka tsaya

Tunda ta yi aiki sau ɗaya, manna ta ko'ina. Guge kaki ya zama dole. Fareti a rana ya zama dole. Sauraron jawabin kyaftin na awa guda ya zama dole. Har Dusty Kowalski, mai gyaran shinge, sai da ya aske gemun da ya shekara ashirin yana tarawa. Karensa ya kwana biyu yana yi masa haushi.

Mataki na 4: In an tambaye ka, nuna sama

A kowace ƙungiya akwai mai taurin kai. Ta Lionel ita ce Gwen Addicott, mai shekara sittin da ɗaya, direbar motar ruwa, wadda ta san kowace 'yar hanya da kowace ƙofar gona a yankin.

Tsakiyar jawabi ta ɗaga hannu. "Lionel, wai wa ya ce dole ne?"

"Daga sama aka turo."

"Wace saman? Kai ne samanmu, kuma a kan akwatin lemo kake tsaye."

Aka kwashe da dariya. Kada ka yi dariya tare da su. Lionel bai yi ba. Wuyansa ya yi ja, ya rubuta sunanta a zuciyarsa.

Mataki na 5: Yi hukunci, kuma fara da wanda ka fi buƙata

Asabar ɗin da ta biyo, Gwen na da tumaki ɗari takwas a hannun masu askin ulu. Ba ta zo fareti ba. Lionel ya tuƙa har gonarta, ya miƙa hannu.

"Makullin mota."

Ta goge hannu a wando, ta ba shi. "Ka iya sa ta giyar baya, mutumina?"

"Wannan ba damuwarki ba ce."

Haka shugabanci yake.

Mataki na 6: Jira sakamako

Ya zo a watan Janairu, tsakiyar zafi a nan ƙasarmu, da rana tsaka, iska mai zafi na kaɗawa daga arewa. Wuta ta kama busasshiyar ciyawa bayan gonar Lionel ɗin kansa, matarsa Maureen na cikin gida da karyayyiyar ƙafa a ɗaure. Ya haye motar ruwa, ya yanke ta rafi don ya rage hanya, motar ta kafe a yashi har tayoyinta suka nutse. Ya zauna yana murza giya, yana kallon hayaƙi na nufar rufin gidansa.

Sai ga ƙura. Tsohuwar a-kori-kurar Gwen ce a gaba da tankin feshi a baya, motoci tara na bin ta. Ba takarda, ba leda. Ta leƙo ta taga.

"Sauko, kyaftin. Kama wannan tiyo, ka rufe baki."

Rumbun ciyawa ya ƙone ƙurmus. Gida ya tsira, Maureen ma. Dusty ne ya janyo motar ruwa da tarakta, yana tambaya ko fitowa daga rafi dole ne ko ganin dama.

Mataki na 7: Karɓi sabon muƙami da mutunci

A taro na gaba aka zaɓi Gwen kyaftin, hannu goma sha uku. Lionel aka ba shi gasa nama da albasa duk Asabar bayan atisaye. Ya kalli takalminsa, ya tambaya a hankali:

"Dole ne?"

"Ko kaɗan," in ji Gwen. "In ka ga dama."

Wata goma sha ɗaya ke nan bai fasa ko sau ɗaya ba, ko ranar da yake fama da ciwon haƙori.

Gargaɗi

Alkawarina ya cika, domin yau ba mai yi wa Lionel musu, tunda ba mai tambayarsa komai. In ka bi matakan nan ka rasa kujera, ko rumbu, ko abokai, ni ba ruwana. Ban san ka ba, ban aike ka ba, kuma ka duba da kyau: ba inda na rubuta cewa karanta wannan dole ne.