A Can Garkuwa, A Nan Ajiya

Jama'a, yau da hamma na karya kumallo. Na fito da safe zan sha shayi wurin Baba Abdou, tsohon nan mutumin Nijar da ke bakin layin dogo a Agege, sai na tarar da tebur a kife. Safinatu mai ƙosai ta ce, "Ai Malam, tun jiya jami'an tsaro suka tafi da shi."

"Subhanallahi! Me tsohon ya yi?"

"Shi bai yi komai ba. Ɗansa Ridwanu ne ya hau titin da aka hana okada, wato acaɓa, aka bi shi ya ɓace. Wani munafuki ya nuna musu teburin uban. Suka ce baba zai zauna wurinsu sai yaro ya kawo kansa da mashin."

Mashin ɗin nan kuwa shi ke riƙe da gidansu can ƙauye.

To ni da kunnena na ji manyanmu, Allah ya ƙara musu kumatu, suna shela a rediyo cewa dokar jiha ta tanadi ɗaurin rai-da-rai ga duk wanda ya tsare mutum don ya tilasta wa wani. Sai na ce madalla, na kafa hula na nufi ofishin da aka kai tsohon.

Na samu shugaban wurin, Mai Girma Sarkin Makullai, yana ta huci. Wai an yi juyin duniya tsoho ya faɗi sunan ɗansa, ya ƙi, sai dai "yaron nan". Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan fari ne. Mu a wurinmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, kunya ce. Tun da aka haifi yaron bai taɓa faɗa ba." Ya ce shi a wurinsa wannan ɓoye mai laifi ne.

Muna cikin haka sai ga Ridwanu a bakin get, yana turo mashin, ido jawur. Tsoho ya hango shi ta taga. Wallahi ban san yana da murya haka ba.

"Ridwanu! Ridwanu, koma! Kada ka shigo!"

Yaro ya tsaya cak, baki buɗe. Sai da uban ya sake daka masa tsawa sannan ya haye mashin, yana kuka yana ba shi wuta. Tausayi ya kama ni, har sai da na share ido da bakin riga.

Aka mayar da Baba Abdou can ciki, yanzu kam da laifi nasa na kansa.

Na tattaro ɗan ƙarfin halina na ce da Sarkin Makullai, "Allah ya ja zamaninka, to wannan da garkuwar da ake faɗa a rediyo, ina bambancinsu?"

Ya ce, "Waccan a daji ake yi. Mu nan ajiya muke yi, har fanka akwai."

Sannan ya ƙare mini kallo sama da ƙasa. "Wai kai ɗan'uwansa ne?"

Jama'a, da ciwon gwiwata da komai, a guje na wuce motar hayar nan, danfo, har da fasinjanta.