Kwalbar da Na Huda da Ƙusa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da iyayen Ishaku suka zo neman auren 'yata ba. Na so in manta, abin ya ƙi.

Ni mai burkutu ce. Ban yi boko ba. Daga Filato na zo Abuja da goyo a baya, bayan an binne mijina. An rushe mini rumfa a Nyanya, na kwashe tukwanena na koma Kurudu. Da dawa da itace na yi wa 'yata Rifkatu makaranta har ta gama jami'a. Saboda haka idan ana maganar abin sha, ba na tambayar kowa.

Kafin in kafa tukunya na yi wanki a gidan wani oga a Asokoro. A can na ga ɗaki guda cike da kwalaben giyar inabi. Kukun gidan ya ce mini irin wannan giya, gwargwadon daɗewarta gwargwadon daɗinta, manya kan ajiye ta sai babbar rana. Na riƙe maganar. Shekarar da Rifkatu ta shiga jami'a na shiga wani babban kanti a Wuse na sayi kwalba ɗaya, ja, mai hoton gona a jiki. Na ce sai ranar aurenta.

Da na kawo ta gida sai na ga kuskuren Turawa. Sun toshe bakin gam da wani itace mai laushi. Duk wadda ta taɓa dafa burkutu ta san abin sha mai rai ne. Ki rufe jarka ruf, kafin gari ya waye ta kumbura, wata ma ta fashe. Na ɗauko ƙusa na huda toshiyar don ta samu numfashi. Burkutu kuma ba ya nuna a wurin sanyi, sai na ɗora kwalbar a kan katanga ƙarƙashin kwanon rufi, inda zafin rana ke dukanta da kyau. (Na tuna a gidan oga ɗakin kwalaben sanyi ƙalau yake. Na ɗauka almubazzaranci ne irin na masu kuɗi.)

Ta yi shekaru a wurin. Duk Kirsimeti nakan hau kujera in duba ta. Ruwan ya ɗan ja baya, launin ya koma kamar na shayi. Na ce tana nuna.

Ana gobe za su zo, Rifkatu ta durƙusa gabana.

"Mama, don Allah kada ki fito da burkutu. Baban Ishaku babban ma'aikaci ne kafin ya yi ritaya. Ya zauna a Turai. Kada su ce daga gidan giya ya ɗauko mata."

"Daga gidan giya zai ɗauko ki," na ce. "Amma na ji."

Abin ya yi mini zafi, ban nuna ba. Na san abin da na ajiye.

Suka zo da mota har ƙofar gida: Ishaku, uban, uwar, da wan uban, wani tsoho mai sanda. Aka yi addu'a, aka ci shinkafa. Kafin a shiga magana na sauko da kwalbar. Toshiyar ta ruɓe, da ɗan yatsa na tura ta ciki. Na ga 'yan ƙananan ƙwari suna iyo, na tace da farin ƙyalle kamar yadda nake tace nawa. Na zuba a kofunan gilas na aro, na cika su har baki. Ba na rowa.

Na ce, "Baba, wannan ta fi shekara biyar tana jiran ku."

Uban ya ɗaga kofin, ya shinshina, ya kurɓa. Idonsa ɗaya ya rufe da kansa. Matarsa ta kurɓa, ta shiga neman wani abu a jakarta. Tsohon ya kurɓa ya ce, "Yesu!" Na ɗauka yabo ne.

"Maman Rifkatu," in ji uban, muryarsa a shaƙe, "a ina kika ajiye ta?"

Nan ne ya kamata in yi shiru. Ni da ba na doguwar magana, ranar na yi. Na nuna musu katangar. Na yi bayanin zafin kwano. Na faɗi zancen ƙusa, har na ce masu yin ta ba su san aikinsu ba, da ban huda ba da tuni ta fashe. Ishaku ya sunkuyar da kai. Rifkatu ta tashi ta shige ɗaki.

Uban ya dube ni, ya dubi kofin, ya shanye tas. Ni kuwa na ƙara masa.

Sai a lokacin na zuba nawa.

Na sha wuya a duniya, amma ban taɓa shan irin wannan ba. Tsami ne da ɗaci da warin tsohon takalmi. Haƙorana suka mutu nan take. Ga baƙi suna kallona, ba wurin tofarwa. Na haɗiye.

Na ce, "Haka na Turawa yake?"

Uban ya ce, "A'a."

Ina jin kukan Rifkatu ta bayan labule. Na ce a raina shi ke nan, na kashe wa yarinya aure da ƙusa ɗaya.

Uban ya ɗauki kofi na biyu, ya runtse ido ya shanye shi ma. Ya goge baki ya ce, "Mu roƙo muka zo yi. Ko kananzir kika ba mu za mu sha. A ba mu yarinya kafin ki ƙara mini na uku."

Tsohon ya fara dariya har sandarsa ta faɗi. Na ba su yarinya.

Yanzu duk Kirsimeti Ishaku yakan kawo mini kwalba daga ubansa, da saƙo iri ɗaya: "Baba ya ce a gaishe ki, ya ce wannan ta riga ta yi numfashi a can." Nakan ce ina amsawa. A ranar muke shanye ta, ba na ajiye komai.

Abin da na koya kaɗan ne. Abin da ba ke kika dafa ba, kada ki gyara shi. Ranar nan abu biyu ne ya kamata su zauna a rufe, kwalbar da bakina, kuma duk ni na buɗe su.