Munsharin Babban Sakatare

Zamanin da talabijin take baƙi da fari, unguwa guda kan taru a ƙofar gidan mutum ɗaya a yi kallo, an yi wani Malam Jatau a gidan talabijin na jiharmu. Shi ke rubuta wasan ban dariya na ranar Asabar, shi ke shirya shi, in ɗan wasa bai zo ba ya ɗaura rawani ya shiga da kansa. Kayan aiki kuwa sai hamdala: kyamara ɗaya ce, ita ma sai an lallaɓa ta. Don haka kullum yana rataye da wata tsohuwar rakoda, in ya ji kukan jaki ko ƙarar ƙofa ya danna, ya ajiye don wasa. Doka ce kuma duk Litinin ya je ya karanta wa Manaja labarin makon kafin a ɗauka. Shi Manaja idonsa a rufe yake sauraro, wai haka ya fi fahimta.

Ana nan sai Jatau ya ƙirƙiro wani Babban Sakatare, wanda da an buɗe fayil a gabansa sai barci, da munshari kamar injin niƙa. Gari ya ɗauka. Manya kuwa abin ya yi musu zafi, don ko a ɗaurin aure babban ma'aikaci ya lumshe ido sai a fara taɓa juna. Ni dai ban ga ƙarya a ciki ba, amma ba a tambaye ni ba.

Manaja ya sa aka kira Jatau, takardar soke shirin tana kan tebur, saura sa hannu.

"Kai Jatau, so kake ka raba ni da kujerata? Wa ya ba ka izinin wannan shirme?"

"Ranka ya daɗe, ai a nan na karanta maka shi, tun daga farko har ƙarshe. Ba ka ce a cire komai ba."

"Ni ban tuna ba! Kuma ko na ji, ai ban ce a yi ƙarya ba. Wasa ma yana son gaskiya. Shekarata ashirin da bakwai ina aikin gwamnati, ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irin wannan munsharin ba. Wannan ai na sa ne! Ka gaya wa ɗan wasan nan naka ya zuzuta abin da yawa."

Jatau ya gyara ratayar rakodarsa, ya ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, shi bawan Allah ko munsharin bai iya ba. A ofishin nan na ɗauko ranar Litinin, har sai da muka rage masa ƙara."