Tambaya ta Biyar a Gidan Ruwan Leda

Wani ne aka ba shi manaja a wani gidan ruwan leda a Tudun Wada. Ledojin nan kuwa yoyo suke kamar kwando. Kafin mai keke ya kai kaya unguwar Kongo, rabi ya tsiyaye a titi. Alhaji mai gidan ruwan ya gaji, ya ce masa, "Ka gyara min wurin nan kafin ƙarshen wata, ko ka nemi wani aikin."

Gogan naka sai ya garzaya Kaduna wani taron bita kan rage ɓarna a masana'antu. Barci ya sha, ya ci shinkafa da kaza. Abu ɗaya ne ya maƙale masa: wai in matsala ta taso, a tambayi "me ya sa?" har sau biyar, sai a kai ga tushenta.

Ya dawo da katin taro rataye a wuya, ko wanka ba ya cire shi. Ya tara ma'aikata zai ba su horo. Ya fara da Isiyaku mai kula da injin liƙe leda.

"Isiyaku, me ya sa leda take yoyo?"

"Ikon Allah, ranka ya daɗe."

"Me ya sa?"

"To, haka aka ƙaddara mata."

Sumaiya mai ɗaure jaka ta ce, "Ni dai ina ga baki ne, Manaja. Mutane sun sa mana ido."

Ran mutumin ya ɓaci. Ya buga tebur. "Nan ba gidan surukai ba ne! Kowa ya ajiye kunyarsa a bakin ƙofa. Wallahi duk wanda ya sake rufa wa wani asiri, a bakin aikinsa. Ko ubanka ne ya yi laifi, faɗi!"

Haka ya tasa su gaba safe da yamma. Abin har ya kai in ka gaishe shi ka ce kana lafiya, sai ya zare ido ya ce, "Me ya sa?"

Da ya ga sun goge, ya gayyato Alhaji ya zo ya ga ci gaba. Aka sa kujera, aka kawo lemo. Mutumin ya gyara kati, yana ta murmushi.

"Isiyaku, me ya sa leda take yoyo?"

"Ƙarfen liƙin ne ya cinye, ba a canza ba."

"Ka ji, Alhaji? Ilimi ke nan. Me ya sa ba a canza ba?"

"Innocent makaniki ya daina zuwa."

"Me ya sa?"

"Kai ka kore shi. Ka ce ɓarna ce, kai za ka riƙa gyarawa."

Murmushi ya ɗauke. Mutumin ya yi tari, ya ce, "To, yau uku ta wadatar. A sha lemo."

Alhaji ya ajiye kwalba. "Ba biyar ka ce min ba? Isiyaku, me ya sa bai gyara ba?"

"Bai san inji ba, Alhaji. Da robar taya ya ɗaure shi, ya tofa masa addu'a."

"To me ya sa wanda bai san inji ba yake manaja?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Can sai Inna Ishatu mai shara ta jingine tsintsiya, ta ce, "An ce ban da rufa asiri. Ai ƙanin Hajiyarka ne, Alhaji. Ita ta ce a ɗauke shi."

Alhaji ya cire hula, ya sosa ƙeya, ya mayar.

Manaja da ya ga haka sai ya samu ƙarfi. Ya matso a hankali. "Alhaji, a bitar sun ce in biyar ba ta kai tushe ba, a ƙara ta shida. Me ya sa in Hajiya ta ce..."

Alhaji ya miƙe yana laluben makullin mota.

"Wannan ka je ka tambaye ta da kanka. Ni ina so in ci tuwo yau."