Miyar Tuffa ga Surukina

A kakar wata shekara, zamanin Turawa, ina magatakarda a Kankiya, wani Bature mai rangadi ya ba ni jajayen tuffa, 'ya'yan itacen Turai. Na taɓa ganin kukunsa yana dafa tuffa, saboda haka da surukina ya zo daga Kusada, na ƙudurta lallai ya san 'yarsa tana gidan wayayye. Na umarci maiɗakina ta zuba su a miyar taushe maimakon kabewa.

"Malam, har da daddawar?" in ji ta.

"Har da ita. Ni na yi makaranta ko ke?"

Tsoho ya cinye tas saboda kunyar surukuta, ya ce, "Madalla." Na ɗauka yabo ne, na sa aka cika masa kwano da miyar ya kai gida. A can aka ba kare, ya sansana ya wuce.

Har gobe ina kan bakana: dabarata ba ta da aibu. Koriya ake dafawa, Baturen ne ya ba ni ja. Duk da haka, in na shiga Kusada yau da furfurata, sai na ji daga bayan danga: "Malam, har da daddawar?"